Yayana ya rasu a Legas, banki ya ce sai takardar kotu: wa zai raba mana gadon?

Ɗan_Aliero:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, musamman daga malamai da lauyoyin da ke cikinmu. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, Allah ya yi masa rasuwa bayan ƙaramar Sallah. Dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 ta Legas, ya haura shekara 20 a garin nan. Ya bar mahaifiyarmu, da uwargida a garinmu Aliero ta Jihar Kebbi mai 'ya'ya biyar, maza uku mata biyu, da amarya Bayarabiya Musulma a Ikorodu mai yara biyu ƙanana, namiji da mace. Dukiyarsa ta nan: gidan da amaryar ke ciki, kuɗi a banki, rumfarsa ta kasuwa, sai littafin da yake rubuta waɗanda yake bi da masu binsa.

Sunana ya rubuta a fom ɗin banki a matsayin makusancinsa. Na je da takardar rasuwa, suka ce wannan ba ya ba ni ikon taɓa ko kwabo, sai na kawo takarda daga Babbar Kotu. Na biyu, wata guda da 'yan kwanaki kafin rasuwar ya yi wa amaryar saki ɗaya. Ita ta ce ya mayar da ita, amma babu shaida. Dangin uwargida sun ce ba ta da gado, ta fita daga gidan. Yayyenta kuma sun ce gida nata ne da 'ya'yanta, duk mai ja a haɗu a kotu. A gida da tuni mun je wurin alƙali. A nan ina za mu dosa?

Hajiya_IdiAraba:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa, ya raya abin da ya bari. Don Allah kafin komai, kar a taɓa matar nan da yaranta sai an ji ta bakin malamai.

Gwarzon_Rago:
Allah ya gafarta masa. Ba ka da katinsa na cirar kuɗi? In ka san lambobin sirrin ai ba ka da buƙatar wata kotu. Ka riƙa cira kaɗan-kaɗan kana ajiyewa, in an gama ka kira liman ya raba. Haka kowa ke yi.

Barista_Ikeja:
@Gwarzon_Rago, Allah ya sa bai bi wannan ba. Daga ranar da mutum ya cika, kuɗin da ke asusunsa ba nasa ba ne, ba kuma na wanda ya san lambar kati ba. Duk wanda ya cira ba da izinin kotu ba, ya sa hannu a dukiyar magada, kuma kowane ɗayansu na iya kai shi ƙara ya biya. Banki na da ranar kowace cira, takardar rasuwa na da tata ranar. Da zarar an jera su biyun, an gama magana. A gidan da tuni ɓangare biyu ke hararar juna, shi za su haɗu su tuhuma.

Malam Ɗan_Aliero, ina maka ta'aziyya. Abin da bankin ya gaya maka haka doka take. Sunan da ake rubutawa a fom na wanda za a nema ne in wani abu ya faru, ba ya mayar da mutum magaji. In marigayi bai bar wasiyya a rubuce ba, abin da ake nema shi ne takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma sashen gado na Babbar Kotun Jihar Legas ke bayarwa, akwai ofishinsa a Ikeja. Za ku cika fom, ku kai takardar rasuwa, su ba ku wata takarda da za ku zaga da ita bankunansa a rubuta abin da ke kowane asusu. Za a ƙiyasta dukiyar ku biya gwamnati kasonta, a buga sanarwa a jarida don mai ƙorafi ya fito, sannan ku kawo masu tsaya muku. Takardar izinin ba a ba wa fiye da mutum huɗu, kuma tunda akwai ƙananan yara cikin magada, ba a ba mutum ɗaya shi kaɗai. Abu ne na watanni, ka sa wannan a ranka.

MalamNaZango:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi masa rahama. Zan taɓa ɓangaren addini, na kotu na bar wa Barista.

Saki ɗaya saki ne na kome. Muddin mace tana cikin idda, matarsa ce: in ya mutu ta gaje shi, in ta mutu ya gaje ta, ko ya mayar da ita ko bai mayar ba. Don haka neman shaidar kome da ake ta yi ba shi ne wurin tambaya ba. Tambayar ita ce, iddarta ta cika kafin ya cika? Wannan kuwa ita za a tambaya, don mace ita ake gaskatawa a kan iddarta. In ba ta cika ba, ta bar iddar saki ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. A mazhabar Malikiyya kuma, in gidan mallakin mijin ne, tana da haƙƙin zama a cikinsa har ta fita takaba. Masu cewa ta fita yau, da wace aya?

Sai tambaya gare ka, ƙanina: lokacin da ya yi sakin, lafiyarsa lau ko yana kwance?

Ɗan_Aliero:
Allah gafarta Malam, yana jinya. Ciwon ƙoda ne, tun kafin azumi ake kai shi wankin ƙoda, kuma bai tashi daga ciwon ba. Gaskiya a kwanakin nan ƙaramin abu ke fusata shi. Ita ce ma take kwana da shi a asibiti, har bayan sakin.

MalamNaZango:
To ai magana ta ƙare ta wannan fuskar. Wanda ya saki matarsa cikin ciwon da ya zama ajalinsa, a wurin Imamu Malik tana gadonsa ko da iddar ta cika. An yi haka ne don kar saki ya zama hanyar korar mace daga rabon da Allah ya ba ta.

Bari in lissafa maka, don mutanen gida su ga a kan me ake wannan tashin hankali. Da farko a fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya in akwai, ita ma ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage a kasa shi 24. Matan aure suna da tumuni, kashi 3, su biyun su raba daidai. Mahaifiyarku tana da sudusi, kashi 4. Sauran 17 na 'ya'ya bakwai ne, namiji ya ɗauki rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 11 da ta 12. Ku 'yan'uwansa ba ku da komai, tunda ya bar ɗa namiji. A ce miliyan 24 ta rage: amarya miliyan ɗaya da rabi, uwargida haka. Ko an hana amarya, abin da zai faru kawai shi ne uwargida ta haɗe ukun. Yaran amarya kuwa rabonsu na nan daram, daidai da na 'yan'uwansu na Aliero, babu mai iya taɓa shi.

Tsohon_Soja_Obalende:
Ni dai abin da na gani a zamana na Legas, duk wanda ya kai gado kotu, lauyoyi ne magadansa. Yaro, ka tara shugabannin 'yan albasa, ka kira limamin da ya ɗaura auren, ku je fadar Sarkin Hausawa a zauna. Iyayenmu da suka zauna Agege tun zamanin jirgin ƙasa da fataucin goro haka suka yi ta raba gado, ba su san hanyar Ikeja ba.

Barista_Ikeja:
Baba, ban ƙi taka ba, sulhu shi ne gaba da komai. Amma iyayen namu kuɗinsu na cikin adaka ne da shanu. Yau yana cikin kwamfutar banki, kuma manaja ba zai saki ko naira ɗaya da wasiƙar fada ba. A yi zaman, a rubuta abin da aka amince, kowa ya sa hannu. Takardar kotu kuma a nema, don ita ce mabuɗin. Neman ta ba ƙara ba ce, ba a gurfanar da kowa.

Abu_Ammar_Ipaja:
Wannan shi ne abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Miliyoyin Musulmi a jihar nan, amma babu kotun shari'ar Musulunci ko ɗaya ta gwamnati. Sashe na 275 na tsarin mulkin 1999 ya ba duk jihar da ke buƙata damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, ba a ce Arewa kaɗai ba. Abin da muke da shi shi ne kwamitin shari'a mai zaman kansa da ke zama a masallacin Abesan. Suna sauraron aure da saki da gado, kuma malamai ne masana. Ɗan_Aliero, ka gwada can, tunda dangin amaryar Musulmi ne, wataƙila su fi sakin jiki da wurin da za a yi musu bayani da Yarbanci.

Gwarzon_Rago:
In sun yanke hukunci wani ya ce bai yarda ba fa? Suna da 'yan sanda?

Abu_Ammar_Ipaja:
Ba su da su. Wanda ya zo da ƙafarsa ya yarda, shi hukuncin ke hawa kansa. Tsoron Allah ne ɗan sandan.

Barista_Ikeja:
Rashin kotun shari'a ba ya nufin za a raba dukiyar Musulmi da dokar Turawa. Ƙa'idar ita ce dokar da mutum ya rayu a kanta tana bin dukiyarsa. Tun 1945 aka yi shari'ar Tapa da Kuka: wani Banufe Musulmi ɗan Bida ya rasu ya bar gida a Legas, kotu ta ce dokar Musulunci da mutanensa ke bi ita za ta yi aiki a kan gidan. Saboda haka yayyen amarya da ke cewa a haɗu a kotu su sani, zuwa kotu ba zai mayar da gidan nata ita kaɗai ba, sai in sunanta ne a takardun ko tana da shaidar ya ba ta kyauta ko ta sa kuɗinta a ginin.

Maman_Ikram:
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce, amma maganar “ta fita daga gidan” ta taɓa ni. Mu matan da aka auro daga gida aka kawo Legas, ranar da aure ya mutu ba mu da kowa. Ni da aka sake ni a Agege, da yara uku, ko takardar saki bai ba ni ba, da baki ya faɗa ya sa takalmi ya fita. Kuɗin makaranta ya daina, na abinci sai ya ga dama. Na kai ƙara wurin manyan unguwa, a gabansu ya ce to, a bayansu ko waya ba ya ɗauka. Wata maƙwabciyata ce ta raka ni cibiyar sasanta jama'a ta ma'aikatar shari'a ta jiha, kyauta suke yi. Suka aika masa takardar gayyata. Da ya ga tambarin gwamnati sai ga shi da sabuwar shadda. Aka zauna, aka rubuta abin da zai riƙa bayarwa duk wata da kuɗin makaranta duk zango, muka sa hannu. Aka kuma gaya masa in ya saɓa, kotun iyali na nan. Ba kullum yake cikawa a kan lokaci ba, amma yanzu ina da takarda a hannu.

Ina faɗa ne don mata su sani akwai inda ake zuwa. Akwai kuma ofishin lauyoyin gwamnati masu kare marasa ƙarfi a Surulere, su ma ba sa karɓar kuɗi.

Direban_Apapa:
Hajiya Maman_Ikram, Allah ya ƙara haƙuri, amma ku ma ku riƙa faɗar ɗaya gefen. Akwai mazan da ke turo kuɗi duk wata amma a hana su ganin 'ya'yansu. Wani abokin aikina tsohuwar matarsa ta kwashe yara ta koma Gusau, lambar waya ma ta canza. Ciyarwa dole, gani kuma sai an ga dama?

MalamNaZango:
Duka biyun zalunci ne. Ciyar da yara, tufatar da su, karatunsu da maganinsu na kan uba gwargwadon ƙarfinsa, ko uwar tana da dukiya. Riƙo kuma na uwa ne: a Malikiyya namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure, riƙon ya koma ga kakarsu ta wajen uwa kafin a zo kan dangin uba. Amma riƙo ba ya ba ta ikon raba ɗa da ubansa.

Barista_Ikeja:
A kotun iyali ta Legas kuma, ƙarƙashin dokar kare haƙƙin yara ta jihar ta 2007, abin da alƙali ke dubawa shi ne maslahar yaron, kuma yakan haɗa ciyarwa da ranakun ziyara a hukunci ɗaya. Wannan ya shafi Ɗan_Aliero ma. In wani a gida na tunanin a ɗauke yaran nan biyu a kai Aliero a bar uwarsu, ya cire wannan daga ransa.

Mai_Fili_Ikorodu:
Mu dawo kan gidan, don a nan hatsarin yake. Ɗan_Aliero, wace takarda gidan ke da ita? In a hannun omo onile, wato iyalan 'yan ƙasa masu sayar da filaye, ya sayi filin, sau da yawa rasit ɗin iyali ne kawai da takardar awo, babu amincewar gwamna da dokar filaye ta 1978 ta tanada, babu rajista a ofishin filaye na gwamnatin jiha da ke Alausa. Irin wannan gida mutanen da ke kwana a cikinsa su ne katangarsa. A layinmu an yi haka: mai gida ɗan Arewa ya rasu, dangi suka kwashe iyalinsa suka kulle ƙofa da kwaɗo suka tafi gida zaman makoki. Da suka dawo bayan damina, an fasa kwaɗon, an yi wa gidan sabon fenti ruwan ɗorawa, wani na ciki da iyalinsa da nasa rasit ɗin daga iyalin da suka sayar tun farko. Har yau ana kotu. Ko don wannan, ku bar matar nan a ɗakinta. Ka nemo takardun asali ka yi musu hoto, ka ba kowane ɓangare kwafi, don kar a ce ka ɓoye.

Ɗan_Aliero:
Rasit ne da takardar awo da wata yarjejeniya da lauya ya rubuta, duk da sunansa shi kaɗai. Suna hannun amaryar, ta nuna mini amma ta ƙi sakin su. Ban ga laifinta ba, tsoro take ji.

Hajiya_IdiAraba:
A can gida bai bar komai ba? In akwai gona ko gida a Aliero, me zai hana a yi wa duka kuɗi, na Ikorodu ya faɗa rabon amarya da yaranta, na gida ya faɗa na uwargida da nata, wanda nasa ya fi ya cika wa ɗaya? Yaran Aliero me za su yi da ɗaki a Ikorodu?

Ɗan_Aliero:
Hajiya akwai gonar fadama, amma ta mahaifinmu ce, tun da ya rasu ba a raba ba, tare muke nomawa.

MalamNaZango:
La haula. Gado a kan gado ke nan, kuma wannan jinkirin shi ke haifar da rabin rigingimun da ake kawo mana. Sai an fara raba gonar mahaifinku an fitar da rabon marigayi, sannan a zuba shi cikin dukiyarsa. Shawarar Hajiya ta halatta in magada sun yarda, amma da sharaɗi: masana su yi ƙiyasin, kuma babu mai ikon yafe ko kwabo daga rabon yaron da bai balaga ba, ko uwarsa ce. Dukiyar maraya wuta ce, Suratun Nisa'i aya ta 10.

Sarkin_Buhu_Mile12:
Duk kun tsallake littafin bashi, alhali mu 'yan kasuwa shi muka fi tsoro. Dillali kuɗin mutane ke hannunsa. Manomi ya loda buhu 100 daga Kebbi, dillali ya sayar, rabi an biya, rabi na hannun matan da ke sara suna kaiwa Oyingbo da Mushin. Kuɗin da kuke gani a asusun, wataƙila kaso mai yawa na masu kaya ne. Ɗan_Aliero, tun kafin masu bashi su fara mantuwa, ka ɗauki littafin ka zo ofishin ƙungiyarmu ta 'yan albasa, a sa mutum biyu amintattu su zauna da yaron rumfarsa a bi shafi-shafi. Masu binsa za su zo da kansu. Waɗanda yake bi, su ne sai an bi su.

Bulus_Ojo:
Sannunku da wannan tattaunawa, ni Kirista ne daga Kudancin Kaduna amma na ƙaru. A tambayi amaryar ko sun je rajistar aure ta Ikoyi, don dangin mata a nan suna son wannan takardar, kuma tana canza lissafin gado. Sannan ga ma'aikatan cikinmu: kuɗin fansho ma ba a sakin su sai da wasiyyar da kotu ta tabbatar ko wannan takardar izinin. Da yayata ta rasu haka muka yi.

Barista_Ikeja:
Tambaya mai kyau, Malam Bulus. Auren rajista na mace ɗaya ne. Wanda ke da mata a ƙarƙashin Musulunci ko al'ada, in ya je ya yi rajista da wata daban, dokar aure ba ta ɗauke shi aure ba. Tunda uwargida ta riga ta, ko takardar ta fito ba za ta ture kowa ba. Auren masallacin shi ne abin dogaron amarya.

Direban_Apapa:
Barista, mu da muke kwana a kan titi, in mutum na son ya rubuta wasiyya yaya zai yi? Kuma ba saɓa wa rabon Allah ba ne?

Barista_Ikeja:
A rubuce, ka sa hannu a gaban shaidu biyu da ke wurin lokaci guda, su ma su sa hannu a gabanka. Kar shaidan ya zama wanda ka ba wani abu a ciki ko matarsa, don kyautar za ta faɗi. Sai a kai ajiya sashen gado na kotu. A ciki kana iya cewa a raba dukiyata bisa shari'ar Musulunci a mazhabar Malikiyya, ka ambaci wanda zai zartar, ka lissafa matanka da 'ya'yanka da kadarorinka da basussuka. Amma a sani, a shari'ar Adesubokan da Yunusa ta 1971 Kotun Ƙoli ta tabbatar da wasiyyar Musulmi duk da ta saɓa wa rabon Musulunci. Jihohi irin su Kaduna da Kwara sun sa togiya a dokokinsu daga baya. A Legas abin da ka rubuta yana da ƙarfi sosai, don haka a rubuta da malami a gefe.

MalamNaZango:
Rubuta wasiyya sunna ce, hadisin Ibn Umar ya ce bai kamata Musulmin da ke da abin wasiyya ya kwana biyu ba tare da ita a rubuce ba. Amma ba a yi wa magaji wasiyya, kuma ba a wuce sulusi. Kotu ta tabbatar ko ba ta tabbatar ba, wanda ya karɓi abin da ba rabonsa ba zai amsa a gaba. Ni tsorona shi ne mutane su ji wannan su fara fifita 'ya'yan mowa.

Tsohon_Soja_Obalende:
Shi ya sa na ce a bar takardun nan a koma wurin manya.

Maman_Ikram:
Baba, manyan ne suka ce mini in yi haƙuri har yarana suka zauna gida zango guda.

Ɗan_Aliero:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na karanta wa Inna bayanin Malam ta waya, ta ce babu mai fitar da matar ɗanta daga ɗaki tana takaba, kuma ta kira uwargida da kanta. Uwargidan ba ta ja ba, wanta ne har yanzu yake cewa sai dai a kawo komai gaban alƙali a Kebbi. Ranar Asabar zan kai littafin ofishin ƙungiya kamar yadda Sarkin_Buhu ya ce. Barista, sunayen wa za mu sa a takardar izinin? Babban ɗansa shekararsa 23 amma bai taɓa zuwa Legas ba, ni kuma tunda ba magaji ba ne ina tsoron a ce na cusa kaina.

Barista_Ikeja:
Matan da babban ɗan su ne a gaba. In da hali a sa mutum daga kowane ɗaki, babban ɗan da amaryar, kai ka shiga na uku in duka sun yarda a rubuce. Alƙalin Kebbi zai iya raba gonar ya kuma fitar da rabon kowa, amma banki da gidan Ikorodu sai takardar Legas, ko ta Babbar Kotun can a kawo nan a sake buga mata hatimi.

Gwarzon_Rago:
To kafin watannin nan su cika, wa zai ciyar da gida biyu da kuɗin makarantar yara bakwai, tunda kun ce kar a taɓa katin?

Sarkin_Buhu_Mile12:
Rumfa na aiki ai. A ci gaba da sayarwa, a rubuta abin da ya shiga da abin da aka ba kowane gida, ranar rabo a lissafa. Malam, hakan ya halatta, ko ribar da aka samu bayan rasuwarsa tana da wani hukunci daban?